LM35 ko DS18B20: Wacce Ta Fi Dacewa da Auna Zafi?

LM35 da DS18B20 ƙananan na'urori ne na auna zafi. Ga mai haɗa ƙaramin aiki da Arduino, wato ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni, LM35 ta fi sauƙin sha'ani, domin duk digiri ɗaya na ma'aunin Celsius da zafi ya ƙaru, milivolt 10 take ƙarawa a wutar da take fitarwa. Aibinta shi ne, da zarar waya ta yi tsawo, sai alƙaluman su riƙa rawa.

Ita kuwa DS18B20 alƙaluma take aikowa kai tsaye, daga digiri -55 zuwa 125, kuma ana iya jera guda da yawa a waya ɗaya saboda kowace da lambar shaidarta. Sai dai tana buƙatar resista (ɗan abin da ke rage gudun wutar lantarki) mai kilo'om 4.7, wadda sabon shiga kan manta har ya ɗauka na'urar ta lalace. A ganina, don auna zafin ruwan tanki, DS18B20 ɗin da aka rufe cikin bututun ƙarfe ta cancanci ɗan ƙarin kuɗinta.