Tentacle da Deity, ko UltraSync da Ambient: Amsa ga Mai Neman Akwatin Taimkod

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwanmu da ke aikin ɗaukar sauti a Agege ya yi tambaya a wannan zaure shekaranjiya. Ya ce rikodarsa Zoom F6 ce, kuma yawancin ayyukan da ake kiransa da kyamara biyu ake yin su, Sony A7S III da Blackmagic Pocket 6K. Mai tace musu fim ya gaji da bin tafin allo (allon da ake tafawa a gaban kyamara a farkon kowace ɗauka) yana haɗa murya da hoto da hannu, shi ya sa yake so ya sayi akwatunan taimkod marasa waya. An ce masa Tentacle, an ce masa Deity, wani kuma ya ce kada ya zuba kuɗinsa sai a kan UltraSync ko Ambient. Wanne zai ɗauka?

Ɗan'uwa, kafin mu kai ga sunan kamfani, yana da kyau mu daidaita a kan aikin da akwatin yake yi. Taimkod agogo ne mai gida huɗu: awa, minti, sakan, da firam, wato hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo. A nan Najeriya talabijin ɗinmu a kan firam 25 a sakan yake tafiya, saboda tsarin PAL muka gada kuma wutarmu mai zagaye 50 ce, don haka tsawon kowane firam kashi 40 ne cikin 1000 na sakan. Akwatin yana fitar da wannan agogo a matsayin wata ƙara mai tsini da ake kira LTC, kyamara da rikoda kuma su buga lambar a kan kowane fayil da suka buɗe. Idan lambobin sun zo ɗaya, manhajar tacewa za ta jera aikin yini guda cikin ɗan lokaci kaɗan. Dalilin da ya sa ba a dogara da agogon cikin kyamara shi ne yana zamewa: kiristal ɗin da ke ƙirga wa agogon lokaci, in ya kauce da kashi 30 kacal cikin miliyan, zai ɓatar da kusan firam 3 a awa guda, kafin la'asar kuwa baki da murya sun raba hanya. Akwatunan nan huɗu duk suna da kiristal da ke gyara kansa idan zafi ya sauya, kuma ƙasa da firam ɗaya a awa 24 shi ne alƙawarin da aka saba ji daga masu ƙera irinsu. Ke nan ba a daidaiton agogo bambancinsu yake ba.

Bambancin yana cikin kalmar "mara waya", domin abubuwa biyu ake nufi da ita.

Tentacle, wanda wani kamfani na birnin Kolon a Jamus ke ƙerawa, yana amfani da Bluetooth ne domin ka saita akwatunan daga wayarka, ka haɗa agogonsu wuri ɗaya da safe (abin da 'yan sana'a ke kira jam), sannan ka riƙa leƙa su a manhaja kana ganin batir da lambar kowanne. Bayan an yi jam, kowane akwati da kansa yake tafiya, bai damu da inda ɗan'uwansa yake ba. Za a iya tura kyamara ɗaya Idi-Araba, ɗayar tana Obalende, da yamma a dawo a tarar lambobin ba su rabu ba. Samfurin Sync E ƙarami ne kamar kwalin ashana, ba shi da allo, batirinsa kuma ya fi ƙarfin yinin aiki nesa ba kusa ba, domin kamfanin ya ce na biyun, wato mkII, yana kai awa 50. Rashin allon nan shi ne abin da nake ƙi a gare shi: in wayarka ta mutu a lokeshin, sai dai ka dogara da ƙyaftawar ɗan fitilarsa.

Deity TC-1, wanda ya fito a 2022, ya zo ne ya toshe wannan gurbi. Yana da ɗan allo da ke nuna lambar da yawan firam, ana saita shi da hannu ba sai da waya ba, kuma akwatunan suna iya yi wa juna jam ta rediyon 2.4 GHz. Ya ɗan fi Tentacle kauri, batirinsa bai kai na mkII ba amma ya ishi dogon yini, kuma galibi ya fi araha, musamman idan aka sayi saitin guda uku. Ga mai sauti da shi kaɗai ne a sashensa, wanda hannu ɗaya na kan sandar makirfo ɗaya na kan rikoda, iya kallon bayan kyamara ya ga lamba tana gudu ba ƙaramin sauƙi ba ne. Inda Tentacle ya sha gabansa shi ne manhajar kwamfuta da kuma yawan masu shi: idan aka haɗa ka aiki da wata tawaga a Lekki ko Surulere, shi ka fi yiwuwar tararwa a jakarsu, kuma masu tacewa sun saba da shi.

UltraSync da Ambient kuwa gida ne daban. A nan akwai uban tafiya guda ɗaya da ke ci gaba da watsa agogonsa ta rediyo, sauran suna bin sa suna gyara kansu duk tsawon yini, in kuma ɗaya ya fita daga zango sai ya ci gaba da kiristal ɗinsa har ya dawo. UltraSync ONE na kamfanin Timecode Systems ne na Ingila, wanda Atomos ya saya a 2019, kuma rediyonsa yana aiki ƙasa da 1 GHz, da nisan da suka ce ya kai mita 200. Wannan yana da amfani a Legas, inda zangon 2.4 GHz ya cika maƙil da Wi-Fi da ƙananan makirfo marasa waya da kowa ke maƙalawa a riga. Sai dai a kula da yankin da aka zaɓa a cikin saitinsa, domin zangon da ake amfani da shi a Amurka, wajen 915 MHz, ya shiga cikin na GSM 900 da layukan wayarmu ke kai. Ambient kuma na birnin Munik ne, ya daɗe a manyan fina-finai, kuma hanyar sadarwarsa mai suna ACN a 2.4 GHz take. Ƙaramin samfurinsa NanoLockit taimkod kawai yake bayarwa, babban Lockit ɗin kuma shi ne mai tsadar gaske.

Abin da ake biyan wannan kuɗi dominsa shi ne janlok, kuma nan ne ya kamata ka tsaya ka auna aikinka. Taimkod suna ne da ake raɗa wa farkon fayil. Ba ya riƙe linzamin kyamara bayan ta fara ɗauka. Idan ɗaukarka ta minti uku ce ko biyar, kamar yadda ake yi a wasan kwaikwayo da hira, babu abin da zai zame har ido ya gani. Amma idan aka kunna kyamara aka bar ta awa biyu ba tsayawa, kamar a tafsirin azumi ko taron maulidi ko wasan dandali, farkon fayil zai zauna daidai, ƙarshensa kuma ya iya gocewa da 'yan firam, domin kowace na'ura da nata bugun zuciyar take ƙirga lokaci. Janlok shi ne ke tilasta wa kyamara ta bi bugun akwatin firam bayan firam. UltraSync ONE da babban Lockit suna fitar da shi. Tentacle Sync E da TC-1 ba sa fitarwa. To amma ga inda gizo ke saƙar: A7S III da Pocket 6K duk ba su da kafar karɓar janlok. Ko ka saya, babu inda za ka soka shi. Shawarar da aka ba ka ta dace da mai aiki da manyan kyamarori a motar watsa shiri kai tsaye, ba da kai ba.

Saboda haka ni a ganina tsakanin Tentacle da Deity zaɓinka yake. In kana yawan shiga tawagar wasu, ɗauki Tentacle. In yawanci ku ne ku kaɗai, kuma kuɗin ya yi wuya, ɗauki Deity, ba za ka yi da-na-sani ba. Guda biyu ma sun isa a fara, domin F6 tana da nata agogon mai kyau da kafar taimkod ta milimita 3.5, sai ta zama uwa ka yi wa akwatunan jam daga gare ta da waya. Sharaɗin shi ne kada a kashe ta a tsakiyar yini. In an kashe ko an sauya batir, a sake jam. Na uku da za a maƙala mata jin daɗi ne, ana iya ƙara shi daga baya.

Kyamarorinka biyu ba iri ɗaya za su karɓi lambar ba, kuma wannan ya fi sunan akwati muhimmanci. Pocket 6K tana gane taimkod idan aka soka shi a kafarta ta milimita 3.5, ta buga shi a cikin fayil kai tsaye, za ka ga alamar EXT kusa da lambar. A7S III ba ta da kafar taimkod ta musamman, don haka in ba an sabunta manhajar cikinta an kuma samo wayar da ke shigar da shi ta kafar Multi/Micro USB ba, ta ramin makirfo za a shigar da shi a naɗe shi kamar sauti. A nan sai ka rage ƙarfin fitar akwatin zuwa matakin makirfo, ka saita ƙarar kyamarar da hannu ƙasa-ƙasa, in ba haka ba ƙarar za ta fashe ta kuma tsallaka ɗaya layin. Duka Tentacle da TC-1 suna da ɗan makirfo a jikinsu, saboda layin hagu ya ɗauki lamba, na dama ya ɗauki muryar wurin a matsayin madogara. Ka gargaɗi mai tacewa kada ya buɗe wannan fayil da lasifika a sama, kunnensa zai gaya masa. Manhajar tacewa ta DaVinci Resolve tana iya karanta lambar daga layin sauti da kanta. Mai aiki da tsohuwar manhajar Premiere kuwa sai ya fara bi da fayilolin ta wata manhaja, irin wadda Tentacle ke bayarwa.

Sai batun yawan firam, wanda ya taɓa ci na. Mun yi wani aiki na kwana biyu a Ikeja da kyamarar haya, wadda wanda ya riga mu ya bari a kan 23.976, ni kuma akwatunana da rikodata suna kan 25. Fitilu suna ƙyaftawa lafiya lau, kowa hankalinsa kwance, sai a ɗakin tacewa aka ga babu abin da ya hau kan wani. Tafin allo ne ya cece mu, da yake mai riƙe shi bai yi kasala ba. Tun daga ranar, kafin a ɗauki komai nake zagayawa in karanta saitin kowace kyamara da idona, sannan a yi gwajin sakan goma da tafi, a zuba a kwamfuta a gani.

Wajen saye, ko a Computer Village ne ko ta hannun mai kawo kaya daga waje, kada ka biya kuɗin akwati ba tare da wayoyinsa ba, domin su ne suka fi wuyar samu a nan. Kai a yanzu masu kan 3.5 a gefe biyu kake buƙata, ka sayi ninki biyu saboda su ne ke fara mutuwa. Ka ƙara ɗaya mai kan BNC saboda ranar da za a kawo Sony FX6 ko Canon C70, in kuma kana sa ran aiki da Alexa Mini, ita mai kan LEMO mai fil biyar take ci. Ka tanadi ƙarin maƙalen manne akwati a jikin kyamara, domin gumin Legas da zafin bayan mota a goslo suna sakin gam ɗinsa cikin 'yan makonni.