Jaguar E-Type da Marsandi 280 SL: Wadda Ta Fi Gudu da Wadda Ta Fi Daɗin Riƙo

Cikin tsofaffin motoci masu rufin da ake naɗewa, guda biyu ne aka fi kwatantawa: Jaguar E-Type ta Ingila, wadda aka fara nunawa a baje kolin motoci na Janeba a 1961, da Marsandi 280 SL ta Jamus, wadda aka ƙera daga 1967 zuwa 1971. Dukkansu mutum biyu suke ɗauka, dukkansu kuma a wancan lokaci injin silinda shida ne a jere, amma manufar da aka ƙera su dominta ta sha bamban.

Idan gudu ake magana, Jaguar ce a gaba nesa ba kusa ba. Injinta na farko lita 3.8 ne mai kafireta uku, kamfanin ya ce yana da ƙarfin doki 265, kuma motar tana kaiwa kimanin kilomita 240 a awa, abin da ya girgiza mutane a lokacin. Malcolm Sayer, wanda ya fito daga aikin jiragen sama, shi ya tsara doguwar surarta don ta riƙa ratsa iska. A 1964 aka ƙara injin zuwa lita 4.2, aka kuma sauya tsohuwar giya mai taurin shiga da wata mai santsi, kuma wannan Jaguar mai lita 4.2 ce nake ganin ta fi dacewa da mai saye. Ita kuwa Marsandi, injinta lita 2.8 ne, ƙarfin doki 170, gudunta bai wuce kimanin kilomita 200 a awa ba.

To amma mai mota ba ya rayuwa a kan takarda. Marsandi ba ta da kafireta. Famfon Bosch ne yake fesa mai cikin inji, don haka tana tashi da safe ba tare da lallashi ba, kuma ana samunta da giyar otomatik. Tana da rufi biyu, na tamfol da na ƙarfe wanda ake cirewa, kuma lotsawar tsakiyar wannan rufin ƙarfen ce ta jawo mata laƙabin Pagoda, wato gidan ibada na ƙasashen Asiya mai lanƙwasasshen rufi. Ƙofofinta masu faɗi ne, direba yana ganin ko'ina, an kuma ƙera gabanta da bayanta su lanƙwashe idan an yi karo domin su kare na ciki, bisa dabarar Béla Barényi, injiniyan kamfanin Marsandi. A Jaguar, dogon mutum yakan matsu, zafin inji yana shigowa wajen ƙafafu, kuma samfurin farko an san shi da zafin lagireto a cunkoso, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mazaunin ƙasa mai rana. Birkinta na baya yana can ciki kusa da akwatin juya ƙafafu, shi ya sa gyaransa yake cin lokacin makanike da kuɗin mai mota.

Marsandi ma tana da nata aibin: famfon man nan sai ƙwararre yake iya saita shi, safayarta tana da tsada, kuma tsatsa tana cin ƙasanta kamar yadda take cin Jaguar. Duk da haka, idan aka ce in zaɓi wadda zan riƙe shekara goma ina hawa kowane mako, 280 SL zan ɗauka, ko da yake na yarda cewa ƙarar injin Jaguar a buɗaɗɗiyar hanya ta fi tata daɗin ji.