Manhajar dashen itatuwa mai bulokcen: ta tsare mana kuɗi, ba ta san itacen da ya mutu ba

Aikin manhajar da ƙungiyarmu ta manoma ta yi amfani da ita bara ba shi da wuyar fahimta. Ka dasa itace, ka ɗauke shi hoto da waya, ita kuma ta haɗa hoton da rana da ainihin wurin da itacen yake, ta shigar cikin kundin bulokcen, wato kundin intanet mai wuyar gogewa. Idan masu tantancewa suka amince, sai a turo ɗan kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet. Kamfanin kuma ya tara lissafin itatuwan ya sayar wa manyan kamfanonin waje a matsayin shaidar rage hayaƙi, kowace shaida tana tsayawa a madadin tan ɗaya na iskar kabon. Sunan kamfanin zan bar shi a cikina, tunda akwai ƙorafi a maganata. Ni ne sakataren ƙungiya, gonakinmu kuma suna wajen Kware, kan hanyar Illela.

Bari in fara da inda ta burge ni. Duk wanda ya taɓa shiga jerin rabon taki ko irin shuka ya san yadda suna yake ɓata tsakanin ƙauye da ofis. Bulokcen kamar littafin adashe ne da aka kwafa aka ba dubban mutane, kowa da nasa. In ka goge layi a naka, sauran za su ƙaryata ka. Mun ga amfanin haka lokacin da wakilin kamfani ya yi ta ce mana kuɗin kashi na farko bai sauka ba, mu ƙara haƙuri. Ƙanena da ke karatun kwamfuta ya karɓi lambar lalitar aikin, wato asusun da ake ajiye kuɗin kirifto, ya buɗe shafin da kowa ke iya duba kundin, sai ga kuɗin, ga ranar da aka turo, ga ƙarfe nawa, ga lalitar da ya faɗa. Ya miƙa wa wakili wayar a gaban jama'a, gindin darbejiyar masallaci. Mutumin ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce ai dama yau yake shirin kiranmu. Kafin la'asar an biya kowa, har da gwaurayen mata da aka saba dannewa.

Haka kuma manhajar tana ajiye hoto ko babu sabis, sai ka shigo gari ta aika. A gonakinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu cewa fasahar tana cinye wutar lantarki, Bitcoin suke nufi, kuma gaskiyarsu. Amma tun 15 ga Satumba 2022 Ethereum, wani babban bulokcen daban da na Bitcoin, ta sauya hanyar tantance kundinta, ta rage cin wuta da fiye da kashi 99 cikin 100, kuma irin wannan sabuwar hanyar manhajar tamu take bi.

Matsalar tana farawa ne bayan an ɗauke ruwa. Dasa itace a watan Agusta yaro ma zai iya. Raya shi daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, rijiya ta ja baya, awaki sun rasa ɗanyen ganye, nan aikin yake. Akwai layin dakwara da muka dasa a bakin gonar shugaban ƙungiya. Kafin bazara ta ƙare, in ban da 'yan kaɗan da aka yi wa shinge da ƙayar magarya, sauran sun koma tsinke. Na tsaya a kan ramin ɗaya na buɗe manhaja: ga shi nan shar, da lambarsa, da kiyasin kabon da wai yake zuƙa. Na nemi inda zan sanar cewa ya mutu, babu. An yi alkawarin masu dubawa za su dawo ɗaukar hoto na biyu, har yau shiru.

Wato kundin yana tsare abin da aka rubuta ne, gaskiya ko akasinta. Kuma ba a Kware aka fara ba. A 2021 wani shiri mai suna Toucan ya kwashi miliyoyin shaidun kabon ya ɗora a bulokcen, sai aka gano da yawansu tsofaffi ne da suka rasa mai saye saboda shakkar ingancinsu. A watan Mayun 2022 Verra, babbar mai rajistar waɗannan shaidu a duniya, ta dakatar da wannan hanya. Wanda ya sayi shaidar dakwararmu yana can yana jin ya biya bashin hayaƙinsa.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne gawo. Manhajar ba ta ƙirga sai itacen da aka raina a leda. Tsiron da ya fito da kansa a gona, manomi ya gyara shi ya kare shi daga gatari, ba ya cikin lissafi. Alhali da wannan dabarar ce maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram suka mayar da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980, ba leda, ba ban ruwa. Wani dattijonmu ya matsa sai da na aika hoton gawon gonarsa ta wurin tuntuɓa, ko za a duba. Amsa ta dawo cewa itacen busasshe ne. Kowane yaron ƙauye ya san gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, shi ya sa gero ke ƙoshi a ƙarƙashinsa. Da na karanta wa dattijon, ya kalle ni ya ce, "Malam, waɗanga mutane sun taɓa ganin gona kuwa? Iccen da ubana ya bar min shi anka ce matacce?" Sakkwato tana cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya ratsa. Mai son yin aikin itace a nan, ya kamata ya fara sanin gawo.

Fitar da kuɗi ma wahala ce. Lalitar tana da kalmomin sirri 12 na Turanci, in sun ɓata kuɗi ya tafi, babu ofishin da za ka kai kuka. Mafi yawan mutanenmu ajami suke karantawa, manhajar kuwa ko Hausar boko babu. Babban Bankin Najeriya ya janye takunkumin da ya sa wa bankuna kan kirifto a Disambar 2023, duk da haka sai ka nemi mai canji, ya cire nasa, mai POS ya cire nasa. Wasu dattawa biyu ma sun ƙi karɓa sai sun ji ta bakin malaminsu, da yake malamai sun yi saɓani a kan kirifto.

Ƙungiyar da ke da matashi mai iya waya, kuma ta gaji da wakilai masu ɗan hali, za ta amfana. Sai dai kada kowa ya sa hannu a yarjejeniyar kafin a karanta masa ita da Hausa, musamman sashen da ke faɗin shekara nawa kamfani ke da iko da kabon itacen da ke gonarka. Mu dai bana mun rubuta musu sharuɗɗa biyu: a riƙe rabin kuɗin sai an ga hoton itace da rai a watan Mayu, kuma a shigar da gawo da sauran tsiron gona cikin lissafi. In ba su yarda ba, ba za mu karɓi ledar dashensu ba.