Ƙarar da ta taso bayan gyaran injin 504, da dattijon Suame da ya gano ta

Motar Peugeot 504 ce ƙirar 1979, ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru lulluɓe da tamfol a gidanmu na Aboabo, kaji na saka ƙwai a ƙarƙashinta. Bana na ce sai ta tashi. Na kai wa wani fita, kamar yadda muke kiran bakanike a nan Kumasi, ya sauke injin gaba ɗaya. Sababbin fistin da ringi da silif (bututun da fistin ke kai-komo a ciki), sabon metal (ƙarfen shimfiɗa da karanshaf, babbar sandar inji, ke juyawa a kai), an wasa bawul. Nawa na kashe ba zan faɗa ba, don uwargida na karanta abin da nake rubutawa.

Kwana uku da karɓo ta na fara jin kas-kas-kas daga cikin bonet. Na koma wurin mai aikin, ya ce sabon aiki ne, zai zauna. Bayan mako biyu ya canja baki, wai metal ɗin kwanrod ne, wato ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf, sai an sake sauke inji, kuma ni zan sayi kayan. Ko bonet bai ɗaga ba ya yanke wannan hukunci.

Wani abokina direban trotro (ƙaramar bas ta haya) ne ya ja ni Suame Magazin. Wanda bai san wurin ba, gari ne guda na ƙarfe da baƙin mai, kuma sunan ya samo asali ne daga ma'ajiyar makaman sojan Turawan mulkin mallaka. Muka kutsa lungu bayan lungu har rumfar wani dattijo ɗan Zango. Yaransa na ce masa Masta, ni na ce masa Baba.

Abu na farko da ya ba ni haushi shi ne ya ƙi taɓa motar. Ya saurara kamar minti biyu, ya ce, "Ɗana, bar ta ta kwana. Inji mai zafi rabin magana yake faɗa." Na hau tasi na koma gida ina gunaguni.

Washegari bayan asuba na same shi da kofin koko a hannu. Ya sa yaro ya tayar da ita, ya ɗauko doguwar sukudireba, ya ɗora bakinta a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa. Ya bi ƙasa wajen kaskon mai, ya dawo gaba wajen sarƙar taimin, ya hau murfin tafet, wato murfin saman inji da ke rufe bawul. Sai ya miƙo mini ya ce in ji da kaina. A ƙasa gurnani ne kawai mai laushi. A sama kuwa kamar ana buga ƙusa a cikin kunnena.

Bai tsaya nan ba. Ya riƙa zare wayar filogi ɗaya bayan ɗaya injin na sulo. Ya ce idan metal ɗin kwanrod ne ya yi sako-sako, da zarar ka ɗauke wa wannan silinda wuta ƙarar za ta ragu, don babu sauran abin da ke dukan fistin daga sama. Duka huɗun aka zare, injin ya yi ta rawa, ƙara tana nan daram. A nan ma na koyi cewa a wannan inji silinda ta 1 ita ce ta baya, wajen kuloci, ba ta gaba ba kamar yadda na ɗauka shekara da shekaru. Daga nan ya haɗa fitilar taimin, sai ga ƙarar tana tafiya daidai da walƙiyar fitilar, ɗaya da ɗaya. Kamshaf, mai buɗe bawul, zagaye ɗaya yake yi idan karanshaf ya yi biyu, saboda haka ƙara mai wannan takun a wajen bawul ake fara nemanta.

Muna cikin haka injin ya ɗau zafi, sai ya ɗaga yatsa. "Ka ji? Ɗaya ta tafi." Wallahi sai a lokacin na gane ƙara biyu ce ta hau kan juna. Wadda ta ɓace daga manifol ɗin salansa take. Ya haska toci ya nuna mini baƙin hayaƙi a gefen baki ɗaya, inda gasket bai zauna ba. Da sanyi iska na tsartuwa ta wurin, tsit-tsit, idan ƙarfe ya yi zafi ya buɗe sai ya toshe kafar. Da ya duba ta jiya da rana, da bai ji wannan ba. Na janye gunagunina.

Ta biyun ce ta nuna mini bambancin gwani da mai koyo. Sai da muka jira injin ya huce sarai, don a sanyi ake auna tafet ɗin 504, wato tazarar da ke tsakanin bawul da roka mai danna shi: milimita 0.10 a bawul ɗin shiga, 0.25 a na fita. Ya zura ma'aunin, duka takwas daidai suke. Na ce to ai shi ke nan, ba nan ba ne. Ya yi murmushi, ya kwance sandar roka, ya juyo ɗaya daga cikinsu ya ce in shafa. Rami ne ɗan ƙarami a bakin, inda ya shekara arba'in da wani abu yana dukan kan bawul. Ma'aunin faffaɗa ne, yana haye ramin kamar gada, ya nuna maka komai lafiya, alhali kan bawul ɗin cikin ramin yake faɗawa, tazarar ta fi abin da aka auna. An zuba sababbin kaya a ƙasa, an mayar da tsofaffin roka yadda suke.

Duk da haka bai yarda ya sallame ni ba sai da ya tabbatar da ƙasan. Ya ɗaura agogon auna ƙarfin mai, allura ta tsaya inda yake so da zafi. Ya tsiyaye baƙin man ta farin ƙyalle muka duba a rana. Ɗan toka-toka mai laushi, ya ce wannan na sabon ringi ne da ke neman wurin zama. Abin tsoro shi ne ɓarɓashi mai ƙyalli kalar tagulla, kuma babu shi. Ya ƙara da cewa silif ɗin wannan inji a cikin ruwa suke tsaye, buɗe shi ba gaira ba dalili na iya motsa su, ruwa ya gangara cikin mai. Wato shawarar da aka ba ni da farko tana iya haifo ciwon da babu shi.

Yaro ya shiga cikin Magazin ya dawo da roka biyu na hannu masu lafiya, aka sa sabon gasket. Kuɗin aikinsa bai kai na cika tanki ba.

Inda zan rage masa maki: ba ya ɗaga waya, sam. Aikin awa uku ya ci mini kwana biyu, ga cunkoson shataletalen Suame safe da yamma. Yaransa sun bar mini tambarin hannu na baƙin mai a kujerar da mahaifinmu marigayi ya fi ji da ita, har yau bai gama fita ba. Rasit kuwa, da na tambaya dariya aka yi mini. Mai gaggawa ko mai son a yi masa bayani a takarda, wurin ba nasa ba ne. Mai tsohuwar mota irin tawa da aka ce wa a sauke inji, ya fara zuwa a saurara masa.

Mun gwada ta a hanyar Offinso, na taka ta sosai, babu kas-kas. Akwai dai ɗan cik-cik siriri da ya rage idan ka kasa kunne, na ce ko za a ƙara matsewa. Ya ce a'a, tafet ɗin da aka matse har ya yi tsit bawul yake ƙonawa, in bar shi haka. Ya ce in dawo idan ta cika kilomita 1,000 daga gyaran, a sake ɗaure kusoshin kan silinda a kuma sake auna tafet, abin da mai aikin farko bai taɓa ambata mini ba. Yanzu tana 640.