Ƙwallon Dunlop mai ɗigon shuɗi: abin da ya kamata ɗan koyon sikwash ya fara saya

Na fara koyon wasan sikwash a watan Disamba a wani kulob da ke Kaduna, kuma makonni ukun farko sun tafi a banza saboda na sayi ƙwallon da bai dace da ni ba. Da na shiga wani shagon kayan wasanni, mai shagon ya miƙo mini baƙin ƙwallo mai ɗigo biyu ruwan ɗorawa, ya ce shi ne wanda zakarun duniya suke bugawa. Bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya mini cewa a hannun ɗan koyo wannan ƙwallon ba ya tashi ba. Idan na buga shi ya daki bango, sai ya faɗo ya kwanta kamar an yar da curin tuwo, kafin in ɗaga ƙafa ya riga ya gangara kusurwa.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, mutum biyu ne suke shiga ɗaki mai bango huɗu, tsawonsa mita 9.75 faɗinsa mita 6.4, kowa da raket, wato abin buga ƙwallo mai raga da mariƙi, a hannu, suna buga ƙwallo ɗaya bi da bi. Dole kowane bugu ya kai ga bangon gaba, a saman wani faranti mai tsayin santimita 48 da ke gindin bangon, kuma dole a mayar da ƙwallon kafin ya taɓa ƙasa sau biyu. Ana cin zagaye da maki 11, wanda ya fara cin zagaye uku cikin biyar shi ne ya yi nasara. Wasan ya samo asali ne daga makarantar Harrow ta Ingila a ƙarni na 19, kuma za a fara buga shi a gasar Olamfik a birnin Los Angeles a 2028.

Abin da ya bambanta sikwash da sauran wasannin raket shi ne halin ƙwallonsa. Roba ce mai rami a ciki, faɗinta kusan milimita 40, nauyinta kimanin giram 24, kuma idan tana da sanyi ba ta da tsalle ko kaɗan. Sai an yi ta bugunta da ƙarfi sannan robar ta yi laushi, iskar da ke ciki ta ɗumama, ta fara tashi yadda ya kamata. Ƙwararru suna ɗumama ta cikin 'yan mintuna domin bugunsu yana da nauyi kuma ba ya yankewa. Shi kuwa ɗan koyo, bugu biyu zai yi ya kuskure na uku, ya tafi ɗauko ƙwallon, kafin ya dawo ya huce. Tun da bai ɗumama shi ba, ba zai iya jera bugu ba, tun da kuma bai jera bugu ba, ƙwallon ba zai taɓa ɗumama ba. A nan ne da yawa suke yanke hukuncin cewa wasan ya fi ƙarfinsu.

Kocin kulob ɗin ne ya fitar da ni. Ya tsaya yana kallona ta bangon gilashin baya, sannan ya shigo ya ɗauki ƙwallon ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Malam, wa ya haɗa ka da wannan?" Daga nan ya ciro wani daga jakarsa mai ɗigon shuɗi guda ɗaya, wanda kamfanin Dunlop yake kira Intro. Kamfanin yana da matakai huɗu. Mai ɗigo biyu ruwan ɗorawa shi ne Pro na manyan gasanni, mai ɗigo ɗaya ruwan ɗorawa shi ne Competition, mai jan ɗigo shi ne Progress, sai kuma wannan na masu farawa. Bisa bayanin kamfanin, Intro ya fi Pro girma da kashi 12 cikin ɗari, kuma ya fi shi daɗewa a iska bayan ya taɓa ƙasa da kusan kashi 40 cikin ɗari.

A takarda waɗannan alƙaluma ba su da wani armashi, amma a cikin ɗakin wasa bambancin ya bayyana tun bugun farko. Ƙwallon ya daki bango, ya dira, ya taso har kusan gwiwata, ya ba ni damar in gyara tsayuwa, in ja raket baya, in buga ba cikin firgici ba. A ranar na jera bugu goma sha biyu ni kaɗai a gefen bangon dama, abin da ban taɓa yi ba, kuma a karon farko na fita rigata jiƙe da gumi saboda gudu, ba saboda yawan sunkuyawa ɗaukar ƙwallo ba. Babbar fa'idarsa a wurina ita ce ba ya buƙatar ɗumamawa. Da safiyar hunturu, lokacin da daɓen ɗakin yake da sanyi har ƙwararrun kulob suna murza nasu ƙwallon a ƙarƙashin takalmi domin ya yi zafi, nawa yana fara aiki nan take.

Duk da haka, yana da iyakarsa, kuma daga yadda aka tsara shi take. Da bazara ta shigo a watan Maris, ɗakin ya ɗauki zafi, bugun nawa kuma ya ƙara nauyi, sai na ga yana tsalle fiye da kima, yana dawowa daga bangon baya har tsakiyar ɗaki. Da shi ba za ka koyi ajiye ƙwallo a hankali a kusurwar gaba ya mutu a can ba, domin ba ya mutuwa, kuma yana iya saba maka da jinkirin da ba za ka samu ba idan ka haɗu da wanda ya iya. Tsofaffin 'yan wasa ma ba sa son bugawa da shi, ko da yake masu haƙuri a cikinsu sukan yarda su yi zagaye ɗaya da kai. Wahalar da ta fi damuna ita ce samunsa, domin shagunan da na zagaya duk mai ɗigo biyu suke ajiyewa, sai da na ba wani mai tafiya Legas saƙo.

Ta fuskar ƙarko ban ga abin ƙorafi ba. Ƙwallon sikwash ɓari biyu ne aka manne, kuma a mahaɗar yake fashewa idan ya tsufa, amma guda biyun da na saya har yanzu babu wanda ya tsage, illa dai na farkon ya yi sumul yana ƙyalli, ya fara zamewa a daɓe maimakon ya kama shi, alamar lokacin canji ya yi. Ina kuma jan hankalin mai saye da kada ɗan ƙarin girman nan ya sa ya raina tabarau na kariya, domin har yanzu ƙwallon ƙarami ne da zai iya dukan ƙwayar ido kai tsaye, kuma ɗan koyo shi ne ya fi yawan juyowa yana kallon abokin wasa daidai lokacin da yake bugu.

Makon jiya koci ya mayar da ni kan mai jan ɗigo, wanda ya fi Pro girma da kashi 6 cikin ɗari kawai, kuma na ji a cinyoyina cewa lokacin da nake da shi na kaiwa ga ƙwallon ya ragu. Shuɗin yana nan a aljihun jakata, na ajiye wa ƙanena da ya ce zai biyo ni ranar Asabar.