Assassin's Creed Mirage: na gama shi, ga abin da na gani a ɓangaren sanɗa

Sai da na mutu sau huɗu a kurkukun Ƙofar Sham kafin na yarda cewa laifina ne ba na gem ɗin ba. Na shigo ne da hannun Valhalla, gem ɗin Assassin's Creed da ya gabaci wannan, wato ka tunkari ƙofa kai tsaye ka zare makami ka hau sara har sai kowa ya kwanta, to a nan wallahi ba a yin haka, Basim, wanda kake bugawa da shi, ba ƙato ba ne, ɓarawon titi ne siriri da aka koya wa kisa, mutum uku suka kewaye shi ga na huɗu yana busa ƙaho yana kiran wasu, shi ke nan labari ya ƙare. A karo na biyar sai na ajiye girman kai, na hau bango na tsuguna, na saki gaggafar nan tasa mai suna Enkidu ta yi shawagi na yi wa masu gadi alama ɗaya bayan ɗaya, na jefi igiyar ƙararrawa da wuƙa ta faɗo, sannan na sulale cikin ciyawa. Kusan minti ashirin na yi a wurin da a da nake ƙarewa a minti biyu, kuma a nan ne na fara jin daɗin wasan.

Ga wanda bai sani ba, Mirage ya fito ne 5 ga Oktoba 2023, reshen Ubisoft na Bordeaux a Faransa ne suka haɗa shi, akwai shi a PS4 da PS5 da Xbox da kwamfuta. Labarin yana farawa a shekarar 861 zamanin Abbasiyawa, daga Anbar zuwa sansanin Alamut inda malamarka Roshan take horar da kai har ka ba da yatsanka a ɗaura maka ɓoyayyiyar wuƙa, daga nan sai Bagadaza. Gajere ne, awa 15 zuwa 20 ka gama babban labarin, ni kam wannan bai dame ni ba ko kaɗan, don Valhalla na gaji na ajiye shi a tsakiya.

Abin da ya sa sanɗar take aiki shi ne raunin Basim. Takobi ɗaya gare shi da 'yar wuƙa, ƙarfinsa na ƙarewa da wuri, idan makamin abokin gaba ya yi hasken rawaya ka kare idan ya yi ja ka goce, iya faɗan ke nan babu wani salo. Da farko na ɗauka rowa ce, daga baya na gane da gangan aka yi faɗan ba daɗi don kar ka so shi. Kuma wuƙar hannun nan ta dawo yadda take a Assassin's Creed na farko na 2007, suka ɗaya mutum ya tafi, babu zancen wai lebul ɗinsa ya fi naka don haka ka soke shi a wuya ya juyo yana kallonka kamar sauro ne ya cije shi.

Kayan aiki kuma 'yan Banu Musa ne suke gyara maka, waɗannan 'yan'uwa uku masana da suka rayu da gaske a Bagadaza a wancan ƙarnin. Akwai wuƙaƙen jifa, bom ɗin hayaƙi, kibiyar hurawa mai sa barci, tarko, da abin ƙara na jan hankali. Ni dai wuƙar jifa da hayaƙi kawai na riƙe, sauran sai in na tuna. Hayaƙin nan ma gaskiya ya yi ƙarfi da yawa, ka jefa a ƙasa mutum biyar su tsaya suna tari kai kuma kana bin su kamar mai tsinkar tumatir. Da ka haɓaka wuƙar har ta kai tana narkar da gawa kuwa, to ka daina wahalar ɗaukar mamaci kana neman keken ciyawa.

Wani abu da ya burge ni, ba ko'ina ake barin gaggafar ta yi aiki ba. Wasu gidajen akwai maharbi a kan rufi, da ka sake ta zai fara harbinta ta dawo, dole sai ka lallaɓa a makance ka nemo shi ka kawar da shi tukun. Ƙaramin abu ne amma yana canza lissafi gaba ɗaya, don ka saba ganin komai daga sama sai ga ka kana leƙe ta bayan tulu kana kasa kunne.

Sai maganar suna, wato yadda gari ke gane ka. Mataki uku ne. Ka yi kisa a idon jama'a ko aka kama hannunka a aljihun wani, sai hotonka ya fara bayyana a bango, talakawa su riƙa nuna ka suna kiran dogarai, ya ƙara sama a zuba maharba a rufin gidaje, ya kai ƙarshe a sako maka Shakiriyya, wani gawurtaccen dogari wanda ba ya gajiya da bin mutum. Maganinsa ka yayyage takardun bango ko ka danƙa wa mai shela wata alama da ake samu a yankan aljihu da ƙananan kwangiloli. Da irin alamomin nan ne kuma kake biyan makaɗa su ɗauke hankalin masu gadi, ko 'yan kasuwa su saka ka a tsakiyarsu ku wuce ƙofa kamar ɗan ayari. Ranar da na fara shiga wani gida haka, ina tafe sumui-sumui a tsakanin fatake dogari yana gefena bai ko ɗago kai ba, sai da na yi dariya ni kaɗai.

To amma fa masu gadin nan wasu lokutan dolaye ne na ƙarshe. Ka ɓuya a ciyawa ka yi fito, ɗaya ya taho ka ja shi ciki, ka sake fito na biyu ya taho daidai inda abokinsa ya ɓace, na uku ma haka, na taɓa tara mutum shida a ciyawa ɗaya wadda ko akuya ba za ta ɓuya a cikinta da kyau ba. Kuma ba sa ɗaga kai sama sosai, in dai kana kan igiya ko rufi kai sarki ne. Wani lokacin kuma sai abin ya juye, wani can nesa ya hango gefen rigarka ta tsakanin katako gari ya rikice. Wannan rashin tabbas ɗin ya fi wautar ba ni haushi, don sanɗa amana ce tsakaninka da gem, kana so ka san dokar da ake hukunta ka da ita.

Babban abin da muka yi ta musu a kai da abokina shi ne ikon nan da lokaci ke tsayawa, ka zaɓi mutum uku ko fiye, Basim ya riƙa ɓacewa yana bayyana a bayan kowannensu kamar aljani. Waɗanda suka haɗa wasan sun ce wai saurinsa ne ya fi ƙarfin Animus, na'urar da a cikin labarin ake kallon rayuwar magabata da ita, shi ya sa hoton ke tsalle. Uzuri dai. Kyau kam yana da kyau a ido, kuma ba ya cika sai ka yi kisan ɓoye, amma yana warware maka ainihin ƙullin da aka ɗaura don ka yi tunani, maharbin da ya kamata ka sha wuya kafin ka kai gare shi sai ka latsa maɓalli kawai ka tsinci kanka a kan hasumiyarsa. Abokina ya ce ai ba dole aka yi maka ba, gaskiyarsa ne, daga tsakiyar wasan na haramta wa kaina shi kuma komai ya ƙara armashi.

Manyan kashe-kashen su ne zuciyar abin. Ana ajiye ka a wuri babba, kamar kasuwar Karkh ranar gwanjo ko Baitul Hikma a unguwar Abbasiyya, a ce ga wanda ake nema, nemo hanya. Ka saurari hirar mutane daga kan benci, ka saci mabuɗi, ka ba da cin hanci, ka sauya kaya. Sai dai idan ka sake bugawa za ka lura hanyoyin duk suna haɗuwa a ƙofa ɗaya, zaɓin bai kai yadda yake nunawa ba.

Garin kuwa, kai. Ni a wurina Bagadaza ce tauraruwar wasan ba Basim ba. Zagayayyen birnin da halifa Mansur ya kafa a 762 babu abin da ya rage nasa a ƙasa yau, daga rubuce-rubucen magabata aka sake gina shi, ga koriyar ƙubba tana hango ka daga ko'ina, ga Dijla da jiragen ruwa, ga unguwar marina ruwan kala-kala, rufin gidaje a manne da juna yadda za ka yi gudu mai nisa ƙafarka ba ta taɓa ƙasa ba. Akwai wata yamma ina tsugune a kan katanga ina jiran dogari ya juya baya, rana ta yi ja ƙura ta tashi, sai kiran salla ya taso daga nesa, wallahi sai na saki hannun gem ɗin na bar dogarin ya wuce abinsa. Tarihin dai kar a haddace shi daga nan, misali mutuwar halifa Mutawakkil an juya ta don labari, a zahiri dogaransa Turkawa ne suka kashe shi a 861 kuma a Samarra fadar take a lokacin, amma akwai kundin tarihi a cikin wasan da ke bayani kan kasuwa da ilimi da rayuwar gari, na ɓata awanni ina karantawa.

Fuskoki ne suka kwafsa. Manyan 'yan wasa ba laifi, amma ƙananan mutane idan suna magana kamar gumaka, baki na motsi ido a mace, ga wannan daddaɗan gari ga mutane kamar an aro su daga tsohon gem. Hawan bango ma yakan yi gardama, kana so ya faɗa taga sai ya maƙale a jikin gini yana lilo ana jifansa.

Muryar kuma ka mayar da ita Larabci tun daga farko ka bar rubutun fassara a ƙasa. Eyad Nassar ne ya yi Basim kuma ya zauna masa daram. Abin da kawai za ka yi asara shi ne muryar Shohreh Aghdashloo mai kaushin nan a matsayin Roshan a ɓangaren Turanci, ni saboda ita sai da na sake buga zaman Alamut sau biyu, sannan na mayar da Larabcina na shiga gari.