Wane Mataimakin Ƙirƙirarriyar Basira Ya Dace da Mai Son Fahimtar Kod da Ya Gada?

Matashin da ya kammala karatun kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ko Jami'ar Tarayya ta Kashere a jihar Gombe, ba kasafai ake ba shi sabon aiki ya fara daga tushe ba. Abin da aka fi miƙa masa shi ne manhajar da wani ya rubuta ya tafi, kamar ta karɓar kuɗin makaranta ko ta rijistar marasa lafiya, wadda aka gina da yaren rubuta manhaja na PHP ba tare da wani bayani a cikinta ba. Buƙatarsa ta farko ita ce ya gane abin da kod ɗin yake yi, kuma kafin ya biya kuɗin mataimaki, ya kamata ya san yawan kod ɗin da mataimakin zai iya gani, da kuma inda kod ɗin zai je idan ya bar kwamfutarsa.

Mafi sauƙin farawa su ne manhajojin hira, wato ChatGPT na kamfanin OpenAI wanda ya fito a Nuwamban 2022, da Claude na Anthropic, da Gemini na Google. Mutum zai kwafi gaɓar kod ɗin da ta shige masa duhu, ya liƙa, ya nemi bayani layi bayan layi. Dukansu suna da tsarin kyauta mai iyaka, suna aiki a waya, kuma ba sa cin data da yawa saboda rubutu ne kawai yake kai-komo. Ga ɗalibin da ke fama da fayil guda, wannan ya wadatar. Matsalar tana bayyana ne idan gaɓar ta dogara da wasu fayiloli goma da ba a nuna masa ba, domin a nan mataimakin yakan cike giɓin da hasashe, kuma ya faɗi hasashen da irin ƙarfin gwiwar da yake faɗin abin da ya gani.

Saboda haka ne nake ganin wanda ya gaji manhaja sukutum ya fi buƙatar mataimakin da ke zaune a cikin editan kod, wato manhajar da ake rubuta kod a cikinta. GitHub Copilot, wanda aka fara gwajinsa a 2021 aka kuma buɗe shi ga kowa a 2022, yana aiki a cikin editan VS Code da editocin kamfanin JetBrains, kuma ana iya tambayarsa game da dukan aikin, ya bi sawun wata gaɓa daga inda aka rubuta ta zuwa duk inda aka kira ta. An fara sayar da shi a kan dala 10 a wata, sannan a Disamban 2024 aka ƙara tsarin kyauta mai ɗauke da saƙonnin hira 50 a wata. Saƙo hamsin ba ya kai ko'ina ga mai bincike da gaske, amma ya isa a gwada kafin a saki kuɗi. Cursor kuwa edita ne mai zaman kansa da aka gina a kan VS Code, yana fara tantance fayilolin aikin gaba ɗaya domin ya riƙa nemo waɗanda suka shafi tambaya. Tsarinsa na biya ya fi na Copilot tsada, kuma ba zan ba ɗalibi shawarar ya fara da shi ba, sai dai wanda aikin ke kawo masa kuɗin shiga.

Batun biya yana da nasa wahalar, domin farashin Copilot da Cursor a dala yake. Bankuna da dama sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira a wajejen 2022, wasu kuma sun maido da shi a 2025 da iyaka, don haka a tabbatar katin yana aiki kafin a ɗora aiki a kan tsarin biya.

Abin da ya fi damuna shi ne sirri. Duk waɗannan da na ambata suna tura kod zuwa kwamfutocin kamfanoninsu a ƙasashen waje. A 2023 ma'aikatan Samsung sun liƙa kod na kamfanin a ChatGPT, har ta kai kamfanin ya hana amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorinsa. Tsohuwar manhajar makaranta ko asibiti sau da yawa tana ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai a rubuce ƙarara cikin fayil, wani lokaci har da sunayen ɗalibai da lambobin wayar iyayensu, alhali Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyin tsare irin waɗannan bayanai a kan wanda yake riƙe da su. Amana ce aka ba mutum. Wajibi ne ya goge kalmomin sirri da bayanan mutane kafin ya tura komai, ya kashe zaɓin da ke ba kamfani damar horar da samfurinsa na ƙirƙirarriyar basira da abin da aka tura, ya kuma nemi iznin mai manhajar.

Wanda ba a yarje masa kod ya fita ba yana da mafita a Ollama, manhajar kyauta da ke gudanar da samfura irin su Code Llama na Meta ko Qwen Coder na Alibaba a kan kwamfutar mutum, ba tare da intanet ba da zarar an sauke su. Ƙaramin samfuri mai ma'auni biliyan 7, wato awon girmansa, yana buƙatar RAM na aƙalla gigabait 8, saukewar kanta tana cin gigabait da dama, kuma yana shan batir sosai, abin da duk mai jiran wutar JED, kamfanin raba lantarki na Jos, zai sa a lissafi. Bayaninsa bai kai na manyan samfura zurfi ba, musamman a kan kod mai tsawo.

Ko wanne aka zaɓa, akwai gwajin da ya kamata a yi masa tun ranar farko. Waɗannan mataimaka suna jingina sosai da sunayen da marubucin kod ya raɗa, ta yadda idan sunan wata gaɓa ya nuna tana lissafa kuɗin zango, amma a ƙasa tana cire rangwamen 'ya'yan ma'aikata a ɓoye, bayanin zai iya bin sunan ya tsallake rangwamen. A ɗauki gaɓar da aka riga aka san aikinta, a ba mataimakin adadi, a ce ya faɗi sakamakon da zai fito da layin da ya dogara da shi, sannan a kunna kod ɗin a kwatanta. Ana iya yin tambayar da Hausa kuma za su amsa, sai dai sukan karkata ma'anar kalmomin fasaha, don haka a umarce su da su bar sunayen gaɓoɓi da saƙonnin kuskure yadda suke a cikin kod ɗin.